Fim na Wani, Ba'a ta Wani: Tarihin Kaset da Faifan MST3K

A ranar 24 ga Nuwamba 1988, wata ƙaramar tashar talabijin mai suna KTMA da ke birnin Minneapolis a Amurka ta fara nuna wani shiri da aka haɗa da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Mai barkwanci Joel Hodgson ne ya ƙirƙiro shi, ya raɗa masa suna Mystery Science Theater 3000, masoyansa kuma suka taƙaita sunan zuwa MST3K. Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Wasu mugayen masana kimiyya sun cilla wani bawan Allah sama jannati cikin kumbo, suna tilasta masa kallon finafinai marasa kan gado don su ga wanda zai zautar da shi. Shi kuma gudun kaɗaici sai ya ƙera mutum-mutumi su zama abokan hira, fitattu a ciki su ne Crow da Tom Servo. Mai kallo yana ganin fim ɗin a allo, daga ƙasa kuma ga inuwar kawuna uku a jerin kujerun silima, suna ta yi wa fim ɗin shaguɓe tun daga farko har ƙarshe. Wanda ya taɓa zama a gidan kallo inda bakin wani ya fi fim ɗin ban dariya, ya san irin daɗin.

Shirin ya koma tashar Comedy Channel a 1989, wadda daga baya ta zama Comedy Central. A 1993 Hodgson ya sauka, Michael J. Nelson ya hau kujerarsa. Daga 1997 tashar Sci-Fi Channel ta karɓa, har aka rufe a 1999 bayan kashi 197. Abin da muke son bi a nan shi ne hanyar da waɗannan kashi suka bi kafin su isa ɗakunan mutane, domin hanya ce mai cike da sarƙa, kuma asalin sarƙar guda ɗaya ne: kowane kashi yana da iyayen gida biyu. Ba'ar da 'yan wasan mallakin kamfanin Best Brains ce, wanda ya shirya shirin. Fim ɗin da ake yi wa ba'a kuwa na wani ne daban, kuma izinin da ya bayar na haskawa ne a talabijin na ɗan lokaci, bai haɗa da sayarwa a kasuwa ba. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan ciwo. Kana iya shekara kana gini a kan aikin wani, ran da ya sauya lasisinsa sai naka ya tsaya cak ko da babu kuskuren layi ɗaya a ciki.

Kafin wani kamfani ya sa hannu, masu kallo ne suka fara raba shirin. A farkon shekarun 1990 garuruwa da yawa a Amurka ba sa kama Comedy Central, don haka wanda yake kamawa sai ya naɗa a kaset ɗin bidiyo, ya kwafa, ya aika wa wani ta gidan waya. Masu shirin da kansu suka sa albarka, domin na wasu shekaru suna rubuta kira a ƙarshen kowane kashi cewa a ci gaba da yaɗa kaset, kafin su cire shi saboda tsoron shari'ar haƙƙin mallaka. Kaset kuwa ba kamar fayil ɗin kwamfuta ba ne, duk kwafin da aka yi daga kwafi sai hoto ya ƙara dushewa, sauti ya ƙara shaƙewa. Duk da haka, da wannan dusasshen hoto aka tsira da zangon KTMA. Kashi 21 aka yi a can, kuma 18 daga ciki sun rayu ne a hannun mutanen da suka naɗa a gidajensu.

A 1996 kamfanin Rhino ya fara sayar da shirin a kaset bisa ƙa'ida, nan da nan kuma matsalar iyayen gida biyu ta bayyana. Kaset ɗin kashin The Amazing Colossal Man sai da aka janye shi daga kasuwa saboda takaddama kan haƙƙin fim ɗin. Rhino ya koma faifan DVD a 2000, daga 2002 kuma ya fara fitar da kundi-kundi, yawanci faifai huɗu a kwali ɗaya. Mai neman zango na ɗaya, na biyu, na uku a jere ba zai samu ba, domin kwali ɗaya yana iya haɗa kashin Joel na farkon shekarun 1990 da na Mike na ƙarshensu. Abin da aka samu izininsa shi ake zubawa. Kundi na 10 da ya fita a 2006 ya ƙunshi Godzilla vs. Megalon, fim ɗin kamfanin Toho na Japan. Ba a daɗe ba aka janye shi, aka sake fitar da shi da lamba 10.2, wadda ta yi kama da lambar gyaran manhaja, aka maye gurbin Godzilla da The Giant Gila Monster. Waɗanda suka riga suka saya sai suka wayi gari da kaya mai tsada a hannu.

Rhino ya tsaya a kundi na 12. A 2008 kamfanin Shout! Factory ya karɓa, ya fara da kwalin cikar shirin shekara 20. Shi ya yi naci wajen bin masu finafinai ɗaya bayan ɗaya, har a 2011 ya tara kashi biyar na Gamera, wani ƙaton kunkuru na finafinan Japan, a kwali guda. Jerin ya ƙare a 2017 da kundi na 39, kuma faifai na ƙarshe a cikinsa shi ya fi kowanne nuna yadda abin yake. An tattara 'yan wasannin barkwancin da Joel ko Mike da mutum-mutumin suke yi a tsakanin fim, daga kashin da izininsu ya gagara, aka fitar da su su kaɗai babu fim ɗin. Rabin da kamfanin ya mallaka ke nan, ɗaya rabin kuma ya zauna wurin masu shi.

Akwai kuma inda ba'ar ta yi wa fim rana. Manos: The Hands of Fate fim ne da wani ɗan kasuwa, Harold P. Warren, ya shirya a El Paso ta jihar Texas a 1966, aka nuna shi na ɗan lokaci aka manta da shi. Da MST3K ya yi masa ba'a a Janairun 1993, sai ya yi suna a matsayin ɗaya daga cikin finafinai mafiya muni da aka taɓa yi. Sunan nan ne ya sa da Ben Solovey ya tsinci kwafin aikin fim ɗin a 2011, mutane suka yi karo-karo aka gyara shi, ya fita a Blu-ray a 2015.

A wannan shekara ta 2015 Shout! Factory ya sayi shirin kansa, Hodgson kuma ya nemi gudummawa a Kickstarter don farfaɗo da shi. Mutum fiye da 48,000 suka tara sama da dala miliyan 5.7, sabon zango ya fita a Netflix a 2017. A tsakanin nan, a 2016, aka gano asalin kaset ɗin kashi biyu na farko na KTMA aka raba wa waɗanda suka ba da gudummawa. Kashi na uku, Star Force: Fugitive Alien II, bai fito tare da su ba, kuma a lokacin babu wani mai kallo da aka sani ya naɗa shi ranar da aka haska.

Yanzu da kallo ya koma intanet, matsalar izini tana nan yadda take, sai ma ƙaruwa, domin kashin da ke kan manhajar kallo yau yana iya ɓacewa gobe idan yarjejeniya ta ƙare, mai biyan kuɗin wata kuma ba shi da kwafi. Wanda ya sayi kundi na 10 kafin a janye shi, Godzilla ɗinsa yana nan a kan kanta.