Yadda Farauta Ta Koma Sai da Lasin

A ƙasar Zuru, da zarar an kai dawa rumbu ciyawa ta bushe, hankalin maza kan koma daji. Daga Ribah har Wasagu ana fita farautar gayya da karnuka da gora, da kwari da baka, mai hali kuma ya saɓa adaka. Neman nama ne, amma kuma shi ne wasan rani, inda saurayi ke gwada gudunsa. Dajin nan kuwa yana da masu shi. Akwai shugaban maharba da ke cewa yau a shiga ko kada a shiga, akwai kurmin da ba a ɗaga wa gatari, kuma idan aka kashe babban nama sai an kai wa sarki rabonsa. Kadojin Girmache da ke Zuru ba takardar hukuma ce ta tsare su ba, ganin girman wurin ne.

Dokar da ke rubuce daga waje ta zo. A 1900 ƙasashen Turai masu mulkin mallaka suka zauna a Landan kan yadda namun dajin Afirka ke ƙarewa, alhali bindigoginsu da cinikin hauren giwa na cikin abin da ya jawo hakan. A 1916 Najeriya ta samu dokarta ta kare namun daji, aka sake wani zama a Landan a 1933. Abin da ya biyo baya shi ne lasin. Bature mai harbi don nishaɗi ya biya kuɗi ya samu izini, maharbin ƙauye da ya gaji sana'ar kaka da kakanni ya wayi gari yana ɓuya idan ya hangi malamin daji. A ganina tun daga nan aka yi tuya aka manta da albasa, domin an tsara dokar ne ba tare da mutanen da suka fi kowa sanin sawun gwanki da makwancin ɓauna ba.

Gwamnatin Jihar Arewa ce ta fara haɗa kariya da yawon buɗe ido a wuri guda. Ta keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a Disambar 1962: mutum ya shiga mota ya kalli giwa, ya dawo ya yi wanka a ruwan ɗumin Wikki, kuɗin ƙofa kuma ya taimaka wajen tsaron dajin. A 1963 ta kafa Dokar Namun Daji, wadda ta kasa dabbobi gida-gida, wasu an haramta taɓa su, wasu sai da izini na musamman, wasu da lasin. Ta hana farauta da wuta, da guba, da fitila mai kashe ido, da bin dabba da mota. Duk wanda ya taɓa ganin an cinna wa fadama wuta saboda gafiya da zomo, wutar ta wuce ta cinye tarin dawar wani, ya san wannan sashe yana kan gaskiya.

Da aka yanka jihohi, dokar ta bi su gado. Zuru ta shiga Jihar Arewa maso Yamma a 1967, ta koma Sakkwato a 1976, sannan Kebbi a 1991. A hankali manyan dazuzzuka suka koma hannun Tarayya. Bayan madatsar Kainji ta 1968, aka haɗa Borgu da Zugurma suka zama gandun ƙasa na farko a 1979, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 5,000. Kamuku ta Birnin Gwari ta bi sahu a 1999. Dajin da bai koma hannun Tarayya ba duk na jiha ne, ita ke da ikon ba da lasin, ta keɓe gandu, ta ɗauki masu gadi. Sai dai ikon ya daɗe yana kwance a takarda, ma'aikata kaɗan, abin hawa babu, tarar da aka yanka tun zamanin fam da sule kuma ba ta tsorata kowa.

Abin mamaki, misalin da ya fi aiki yana cikin Kebbi ɗin kanta. A Argungu ana hana su a Matan Fada har sai ranar biki, kifi ya samu sararin girma, sannan dubban masunta su faɗa ruwa da koma da gora a lokaci guda. Bikin ya samo siffarsa ta yanzu ne a 1934, da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Hanin yana tsayawa ne domin Sarkin Ruwa ɗan gari ne, kuma mai kwale-kwale da mai tuwo da mai masauki duk suna cin moriyarsa.

Yau dajin da ya tashi daga gabashin Wasagu ya haɗe da Kuyambana ya zama maɓoyar 'yan bindiga, ba mai zancen kai baƙo kallon barewa. Maharban da doka ta daɗe tana yi wa kallon ɓarayin nama, su ne da yawa suka zama 'yan sa-kai, wasu sun bar ransu a can. Ranar da majalisar dokoki a Birnin Kebbi za ta sake duba Dokar Namun Daji, da su ya kamata ta fara, a yi musu rajista, a ɗauki wasu aikin gadi da albashi, a ware wa ƙauyukan bakin daji kasonsu daga kuɗin lasin da na ƙofa. An ga amfanin kula da masu gadi a Bauchi, wadda ta karɓi Yankari daga Tarayya a 2006, a 2014 kuma ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS kan horar da masu gadi da biyan su kuɗin sintiri, kashe giwaye ya ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo baya.