Ɓoyayyen makamashi

ɓoyayyen makamashi *suna, namiji. Ilimin sararin samaniya.* Ƙarfin da masana ke ɗora wa alhakin ƙaruwar saurin faɗaɗuwar sararin samaniya. Ba ya haske, ba a ganinsa da madubin hangen nesa. Aikinsa kaɗai ke nuna yana nan.

Tun 1927 Georges Lemaître, limamin coci ɗan Beljiyam, ya lissafo cewa sarari yana faɗaɗa. A 1929 Edwin Hubble ya nuna gungun taurari suna nisantar mu, mafi nisa shi ne mafi gudu. Sararin da ke tsakaninsu ne ke buɗewa, kamar yadda ƙwayoyin riɗi ke rabuwa a kan kwaɓin burodi idan ya kumbura. In aka bi lissafin baya, farkon abin ya kai shekara biliyan 13.8.

An daɗe ana zaton ƙarfin jan nauyi zai rage wa faɗaɗuwar gudu. Sai a 1998 ayari biyu na masana, ɗaya ƙarƙashin Saul Perlmutter, ɗayan na Brian Schmidt da Adam Riess, suka auna hasken taurari masu fashewa a can nesa, suka tarar ya fi yadda aka zata dusashewa. Ashe gudun ƙaruwa yake yi! Abin mamaki ne ƙwarai, kuma ya cancanci kyautar Nobel da suka samu a 2011.

Ana kiyasta ɓoyayyen makamashi da kusan kashi 68 cikin 100 na abin da sararin samaniya ya ƙunsa.

*Misali:* Ɓoyayyen makamashi ya rinjayi jan nauyi a tsakanin gungun taurari masu nisa.