Matsalar allo da ta barci a kwamfutar haɗi: dalilansu da yadda ake gano su

Kwamfutar haɗi ita ce kwamfutar tebur wadda ba ta fito daga kamfani a kammale ba. Masu gyara ne ke sayen sassanta ɗaya bayan ɗaya a kasuwanni irin su titin Beirut a Kano ko Computer Village a Ikeja, su harhaɗa ta daidai da buƙatar mai ita da ƙarfin aljihunsa. A garuruwa irin su Jangebe a Ƙaramar Hukumar Talata Mafara, da Bakura da Maradun, mai shagon buga takardu ko cike fom ta intanet da na'urarsa ta tsaya ya yi asarar aikin yini, ga kuɗin mota da fargabar hanya idan za a kai ta Gusau ko Sakkwato.

Matsaloli biyu ne suka fi addabar wannan na'ura: allo ya ƙi nuna hoto, ko kwamfutar ta yi barci ta ƙi farkawa. Sau da yawa tushensu wuta ne, ko waya, ko ƙura, ko saiti, abubuwan da mai kwamfuta zai iya dubawa da kansa kafin ya sayi sabon sashe.

Mene ne barcin kwamfuta?

A 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ƙa'idar ACPI, wadda ta raba yanayin wutar kwamfuta zuwa matakai daga S0 zuwa S5. S0 na nufin na'ura tana aiki, S5 kuma an kashe ta. A matakin S3, wato barcin da aka saba, kusan komai yana tsayawa, amma aikin da ke buɗe yana zaune a ma'ajiyar wucin gadi da ake kira RAM, wadda sai da 'yar wuta take riƙe abin da ke cikinta. A matakin S4, wato dogon barci, ana kwafe aikin zuwa rumbun ajiya, sannan na'urar ta mutu gaba ɗaya.

Wannan bambanci yana da muhimmanci a Zamfara, inda kamfanin rarraba wuta na Kaduna ke ba da lantarki, kuma masu shaguna kan sauya tsakanin wutar gwamnati da janareto da sola. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da batiri, ta tebur ba ta da shi. Idan aka ɗauke wuta tana cikin S3, duk abin da ba a adana ba zai iya salwanta, mai ita kuma ya ɗauka ƙin farkawa ta yi, alhali wuta ce ta yanke mata.

Idan allo ya ƙi nuna hoto

Ana farawa da abin da ba ya cin kuɗi. A duba ko fitilar allon tana kunne, kuma ko an zaɓi ƙofar da wayar take ciki, domin allon da ke jiran hoto ta VGA ba lallai ne ya ga na HDMI ba. Kan wayar VGA yana da ƙusoshi 15, kuma lanƙwasar guda ɗaya ta isa ta sauya launi ko ta ɗauke hoton. Gwada wata waya ko wani allo yakan warware shakka cikin minti biyar.

Kuskuren da ya fi yawa a kwamfutar haɗi shi ne soka waya a ƙofar babban allon ciki, alhali an saka katin hoto na daban. Idan akwai katin, a jikinsa ake soka waya. Haka kuma furosesar Intel da lambarta ta ƙare da harafin F ba ta sarrafa hoto da kanta, don haka dole sai da kati.

Idan fanka tana juyawa amma allo baƙi ne tun daga kunnawa, sai a koma kan RAM. A zare wayar wuta daga bango, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu domin ragowar wuta ta fita, a taɓa ƙarfen akwatin, sannan a cire RAM a mayar da ita har sai ta kama sosai. Idan guda biyu ne, a gwada ɗaya bayan ɗaya. Taɓa ƙarfen ya fi zama dole a lokacin hunturu, domin busasshiyar iska tana tara wa jiki wutar da kan lalata sassa.

Idan hoton yana ɗaukewa ana tsakiyar aiki, zafi ne abin zargi na farko. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, sannan bazara ta biyo baya da zafin da kan haura digiri 40 a watan Afrilu. A busa ƙurar da abin hura iska, a ɗaga akwatin daga ƙasa, a bar masa sarari ta baya.

Idan ta yi barci ta ƙi farkawa

Wani lokaci kwamfutar ta farka, hoton ne kawai bai dawo ba. A Windows 10 da 11, danna maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B a tare yana sake tayar da manhajar da ke tafiyar da katin hoto. Idan hakan ya dawo da hoto, manhajar ce ke buƙatar sabuntawa daga shafin Intel ko AMD ko Nvidia.

Akwai umarni uku masu amfani da ake rubutawa a tagar umarni ta Windows. Na farko, powercfg /a, yana nuna irin barcin da na'urar ke iya yi. Na biyu, powercfg /lastwake, yana faɗin abin da ya tashe ta na ƙarshe, wanda sau da yawa linzami ne ko katin intanet. Na uku, powercfg /requests, yana bayyana manhajar da ke hana ta barci, kuma sai da izinin mai kula da na'ura ake gudanar da shi.

Tsarin saurin kunnawa mai suna Fast Startup, wanda ya zo da Windows 8 a 2012, ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya, don haka matsalar jiya kan biyo ta zuwa yau. Kashe shi a saitin wuta yakan magance baƙin allo bayan kunnawa. Idan kuma agogon kwamfuta yana komawa baya duk lokacin da aka zare ta daga wuta, ƙaramin batirin CR2032 mai bolt 3 ne ya mutu, kuma saitin BIOS yana ɓacewa tare da shi.

Abin da ya fi dacewa

Ga wanda ba shi da na'urar UPS, dogon barci ya fi aminci, kuma umarnin powercfg /h on ne ke kunna shi. Sitabilaiza tana daidaita wuta, amma ba ta riƙe kwamfuta idan an ɗauke ta. Yana da kyau kuma a ajiye kwafin manhajojin katin hoto a filashi. Mutanen Zamfara sun ga amfanin irin wannan tanadi a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar na tsawon makonni saboda matsalar tsaro.

Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma yana buƙatar sashen tsaro na TPM 2.0 wanda tsofaffin na'urori da dama ba su da shi. Mai shirin haɗa sabuwa ya tambayi wannan kafin ya biya kuɗi.

Idan aka ji ƙaurin ƙuna, ko na'urar tana mutuwa da zarar an kunna ta, a zare ta daga wuta a kai wa mai gyara. Kada a buɗe akwatin da ke rarraba wuta a cikinta, domin yana riƙe da wuta mai haɗari ko bayan an zare shi daga bango.