Daga Isnadi zuwa Burauza: Tarihin Neman Littafi da Ambaton Madogara a Lafia

Ambaton madogara, wato bayyana littafin ko mutumin da aka samo magana daga gare shi, al'ada ce da ta girmi jami'a da ɗakin karatu na zamani a arewacin Nijeriya, domin malaman zaure sun daɗe suna auna ilimin mutum da isnadinsa, wato jerin malaman da karatu ya biyo ta hannunsu har ya iso gare shi. Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukhi, don lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wurinsu. Lafia, wadda Barebari suka kafa ƙarƙashin Muhammadu Dunama, ta kuma bi Bauchi a ƙarni na 19, tana cikin wannan duniyar ta karatu, inda sanin wurin da littafi yake ya dogara da sanin wanda ya mallake shi, kuma mai nema kan yi tattaki ya ara, ya kwafa da hannu.

Fihirisa, wato jerin sunayen littattafai da marubutansu da wuraren da aka ajiye su, ita ce ta raba wannan sani da ƙwaƙwalwar malami ɗaya, ta mai da shi abin da kowa zai duba. A shekarun 1950 W. E. N. Kensdale ya wallafa fihirisar rubuce-rubucen Larabci da ke ɗakin karatu na Kwalejin Jami'a ta Ibadan, a 1964 aka fara Shirin Binciken Tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sannan a 1970 Abdullahi Smith ya kafa Arewa House a Kaduna. A ɗakunan karatu na wancan zamani kowane littafi yana da katinsa a cikin aljihun katako, an jera bisa sunan marubuci ko take ko fanni, ɗalibi kuwa yakan kwafe bayanin littafin a ƙananan takardu, ya tara su har ranar da zai buga manazarta a keken rubutu.

Matsayin Lafia a tsarin mulki ya sa takardun tarihinta suka watsu, saboda ta zauna ƙarƙashin Lardin Binuwai a zamanin Turawa, ta shiga Jihar Binuwai-Filato a 1967 da Jihar Filato a 1976, ba ta zama babban birni ba sai da aka ƙirƙiri Jihar Nasarawa a ranar 1 ga Oktoba 1996. Don haka mai binciken sarauta ko haraji ko kasuwancin doya a ƙasar Lafia tilas ya nufi Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda aka tara fayilolin lardunan Arewa, ko ya bi sawun takardu zuwa Makurdi da Jos.

Lokacin da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Lafia a 2011, aikin neman littafi ya riga ya koma intanet. Google Scholar, wanda ke lalubo maƙalun ilimi, ya fito a 2004, a 2006 kuma Jami'ar George Mason ta Amurka ta fitar da Zotero a matsayin ƙari ga Firefox, ɗaya daga cikin burauzoji, wato manhajojin da ake buɗe shafukan intanet da su. Aikin irin wannan ƙari shi ne ya karanta bayanan da ke ƙunshe a shafin fihirisa ko na mujalla, kamar sunan marubuci da take da shekara da mawallafi, ya adana su, sannan ya tsara su bisa salon ambato da sashen jami'a ya buƙata, ko APA ko MLA, har ma idan aka sauya salon sai manazarta duka ta sauya nan take. Mendeley, wanda ya fito a 2008 kuma kamfanin Elsevier ya saya a 2013, yana yin kusan wannan aiki.

Sai dai waɗannan manhajoji ba sa ganin komai sai abin da aka riga aka shigar cikin fihirisa ta kwamfuta, shi ya sa maƙalar da aka buga a Landan ta fi sauƙin samu daga Lafia fiye da wasiƙar ajami da ke ajiye a wani gida cikin garin, ko bayanin da dattijon ƙabilar Eggon ko Alago ya riƙe a ka. Irin waɗannan madogarai har yanzu da hannu ake shigar da su, tare da sunan mai bayani da wuri da ranar hira, kuma ingancin binciken tarihin Lafia zai dogara ne ga yawan abin da ma'aikatan ɗakunan karatu da masu bincike na jihar suka lissafa suka bayyana da kansu.