Zubi da Tsarin Labari a Kurkukun Kamiti

A ƙarshen Disamba 1977 gwamnatin Kenya ta tsare Ngugi wa Thiong'o a kurkukun Kamiti ba tare da shari'a ba. A can ne ya ƙuduri aniyar rubuta ƙagaggen labari da harshensa na Gikuyu, domin manoma da ma'aikata. Matsalarsa ita ce zubi da tsari: ta yaya zai riƙe hankalin waɗanda sai an karanta musu? Sai ya koma ga adabin baka. Ya sanya labarin a bakin mawaƙin gargajiya, ya ɗora shi kan tafiyar motar haya daga Nairobi, inda fasinjoji ke ba da labarin rayuwarsu. A takardar bayan gida ya rubuta shi. An sake shi a 1978, littafin, Caitaani Mutharaba-ini, ya fito a 1980.