Wata Gaya a Ƙasar Indiya

In aka ce Gaya, mutumin Miga sai ya tuna garin nan da ke yamma da Dutse. To, akwai wata Gaya a jihar Bihar ta ƙasar Indiya, a bakin kogin Falgu. Can mabiya addinin Hindu ke zuwa yi wa iyayensu da suka rasu sadaka, gama a wurinsu bashi ne a wuyan ɗa. Sukan dunƙula shinkafa da riɗi, su ajiye a bakin kogin da cikin ɗakin ibadar Bishnupad, wanda Sarauniya Ahilyabai ta sāke ginawa a 1787.

A dā shirin tafiyar nan ba wasa ba ne. Sai mutum ya tara guzuri, ya yi ta tafiya a ƙasa, in ya isa kuma ga harajin ziyara na jiransa. Turawan Ingila ma ba su ƙi kuɗin ba, sun daɗe suna karɓa, sai a 1840 suka soke shi. Jirgin ƙasa ya iso daga Patna a 1879.

Limaman wurin, waɗanda ake kira Gayawal, har yau suna riƙe da littattafan sunayen baƙi da garuruwansu. Baƙo yakan fara neman gidan da aka rubuta kakanninsa, don limamin gidan nan ne zai yi masa jagora.