Tazargade da Ɗan'uwansa na Ƙasar Sin

Duk wanda ya ratsa wajen masu sayar da kayan ƙamshi a kasuwar Sakkwato zai tarad da tazargade, busasshen ganye mai ɗaci da ƙamshi, wanda mata ke jiƙa wa yara in ciki ya ɓaci ko jiki ya yi zafi. Ba tsiron fadamun Rima ba ne. Sunan kansa ya nuna hanyar da ya biyo, gama kalmomin da Hausa ta aro daga bakin Abzinawa, irin su takobi da takarda, da yawansu da wannan “ta” suke farawa, wadda alamar mace ce a harshensu. Ga alama ayarin Azbin ne ya kawo ganyen tare da sunansa.

Sakkwato kuwa ta daɗe da neman magani daga nesa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa littattafan magani da Larabci, har da guda a kan basir, kuma da Clapperton ya zo cikin 1824 ya roƙa a aiko masa da likita daga Ingila. Bayan zuwan Turawa, Likita Dalziel ya tattara sunayen itatuwa na Hausa cikin 1916, ya sa tazargade cikin dangin da masana ke kira Artemisia. Abin sha'awa, shi Dalziel ɗin a kudancin Sin ya fara aikin likita kafin ya zo Arewa.

A can Sin akwai wani ɗan wannan dangi, qinghao, watau Artemisia annua. Tun ƙarni na 4 wani masani, Ge Hong, ya rubuta cewa a jiƙa shi a ruwa a matse a sha don zazzaɓi. Cikin 1967 gwamnatin Sin ta sa a nemo sabon maganin zazzaɓin cizon sauro, saboda sojan Biyetnam ta Arewa da cutar ke kayarwa. Wata mai bincike, Tu Youyou, ta lura Ge Hong bai ce a dafa ba, ta gane zafi ke kashe ƙarfin ganyen. Cikin 1971 ta tatso shi ba da tafasawa ba, aka sami sinadarin atemisinin, ta kuma karɓi lambar Nobel cikin 2015. Da kulorokwin ya daina ci, Nijeriya ta koma ga magungunan da aka haɗa da wannan sinadari cikin 2005.

To, a nan ne suna ya rikita mutane. Cikin 2020, da Madagaska ta fito da wani jiƙo na Artemisia ta ce maganin korona ne, sai labari ya bazu a Arewa wai ai tazargade ne, aka yi ta saye. Amma dangin Artemisia ya ƙunshi iri ɗaruruwa, kuma annua ce kaɗai aka sani da atemisinin mai yawa. Zama ɗan dangi bai sa tazargade ya gāji wannan ƙarfi ba. Ko ita annua ɗin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi yarda da shan jiƙonta cikin 2019, don ƙarfin ganye ba ya zama daidai, kuma maganin da bai kai ba yakan bar ƙwayoyin cuta da rai su saba da shi. An riga an ga irin wannan sabo a Kambodiya, daga baya kuma a Ruwanda.